"Nawa Aka Biya Ka?": Tambayar da Ba Ta Isa Ta Auna Ɗan Wasa Ba

Kwanakin baya na je kallon wani wasan kwaikwayo da wasu matasa suka shirya a wani ƙaramin zaure, kuma abin da na ji bayan an tashi ya fi wasan kansa tsaya mini a rai. A cikin wasan, wani saurayi ya fito a matsayin dattijon da ɗansa ya juya wa baya. Akwai wurin da ya tsaya a bakin ƙofa yana jira ko yaron zai waiwayo, bai ce uffan ba, sai hannunsa kawai da ke karkarwa a kan sanda. Zauren ya yi tsit har mutum yana jin numfashin na kusa da shi, kuma na ga matar da ke zaune a gabana ta sa bayan hannu ta share ido.

Da aka watse, saurayin ya fito da sauran farar hoda a gashinsa, ya nufi wani dattijo da ke tsaye a waje, ya gaishe shi cikin ladabi. Dattijon ya amsa, sannan ya ce, "To, ɗana, mun gani. Nawa aka biya ka?" Saurayin ya ce, "Kawu, ba a biya mu ba, mu ne ma muka haɗa kuɗin zauren." Kawun ya girgiza kai ya ce, "Ashe da aka ce wasa, wasan ne kuwa." A kan idona murnar da yaron ya fito da ita ta gushe daga fuskarsa.

Ban zargi dattijon da mugunta ba, domin a bayyane yake cewa fargabar makomar ɗan 'yar'uwarsa ce ta sa shi magana. Abin da ya dame ni shi ne, mutum ya zauna kusan awa biyu yana kallon aikin da ya sa baƙin da ba su san yaron ba suka zubar da hawaye, amma da ya tashi auna wannan aiki bai samu wani mizani a hannunsa ba sai na kuɗi.

Ra'ayina shi ne, duk wanda zai shiga harkar wasan kwaikwayo, a dandamali ne ko a gaban kyamara, ya kamata gamsuwar da yake samu a cikin aikin ta zama dalilinsa na farko, kuɗi kuma ya biyo baya a matsayin abin da ke ba shi damar ci gaba da yin aikin. Wanda ya juya wannan jeri ya sa kuɗi a gaba, da wuya ya daɗe a sana'ar, kuma ko ya daɗe, da wuya ya bar aikin da za a tuna da shi.

Lissafin da ba a cika nuna wa sabon shiga ba

Hujjata ta farko daga alƙaluma take. A shekarar 2019, masu bincike a Jami'ar Queen Mary da ke Landan sun bi diddigin bayanan 'yan wasa maza da mata fiye da miliyan biyu da ke rumbun IMDb, shafin intanet mai tattara bayanan finafinai da masu fitowa a cikinsu, tun daga 1888 zuwa 2016, suka tarar cewa kusan kashi 70 cikin 100 nasu, duk fitowar da suka yi a rayuwarsu ba ta wuce cikin shekara guda ba. Sun kuma lura cewa aiki yana bin wanda ya riga ya samu aiki, wato wanda aka gani jiya shi ake kira yau, shi ne kuma za a nema gobe.

Ko a Amurka, inda ake ganin kuɗin fim ya fi na ko'ina yawa, labarin bai sauya sosai ba. Lokacin da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta SAG-AFTRA mai mambobi kusan 160,000 ta shiga yajin aiki a 2023, duniya ta ji cewa sai ɗan wasa ya samu dala 26,470 a shekara kafin ya cancanci inshorar lafiya ta ƙungiyar, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na mambobin ba sa kaiwa wannan adadi. Da yawa daga cikin waɗannan mutane mun sha ganin fuskokinsu a finafinai ba tare da mun san sunayensu ba.

Saboda haka wanda ya shigo wannan sana'a domin ya yi arziki ya zaɓi hanya mafi tsawo da rashin tabbas zuwa inda yake son zuwa. Akwai sana'o'i da dama waɗanda idan mutum ya ninka ƙoƙarinsa, abin da yake samu ma zai ƙaru daidai gwargwado, amma wasan kwaikwayo ba ya cikinsu. Mutum zai iya fin kowa iya wasa a ranar tantancewa, a ƙi ɗaukarsa domin ya fi jarumar tsawo fiye da yadda darakta yake so, ko domin muryarsa ta yi kama da ta wanda aka riga aka ɗauka. Ladan da yake da tabbacin zai karɓa a ranar da ya yi aikin guda ɗaya ne, shi ne daɗin aikin kansa, kuma idan wannan bai ishe shi ya dawo gobe ba, babu abin da zai dawo da shi.

Abin da nake nufi da gamsuwa

Dole in fayyace wannan kalma, domin mutane da yawa da ke cewa "ni ba don kuɗi nake yi ba" don suna suke yi, kuma suna ƙanen kuɗi ne. Dukansu biyu a hannun wasu suke, dukansu ana ƙirga su, ɗaya a banki ɗaya a yawan mabiya a Instagram da TikTok, kuma dukansu suna iya tafiya dare ɗaya ba tare da mutum ya yi laifin komai ba. Wanda ya guje wa bautar kuɗi ya faɗa bautar tafi, bai yi nisa da inda ya baro ba.

Gamsuwar da nake magana a kanta wani abu ne da na ɗanɗana sau ɗaya, kuma har yau ban manta ba. Lokacin da nake ɗalibi na taɓa hawa dandamali a matsayin ɗan aike mai jimla uku kacal, wanda zai shigo ya sanar da wata uwa cewa ɗanta ba zai dawo ba. Mun yi makonni muna bita, kullum ina faɗin kalaman daidai yadda aka rubuta su, kullum darakta yana cewa in fita in sake shigowa. Wata rana da yamma, duk mun gaji, na shigo kamar kullum, sai wadda ke taka rawar uwar ta ɗago kai ta dube ni tun kafin in buɗe baki, da irin kallon wanda ya riga ya san amsa amma yana roƙo a ƙaryata shi. Nan take harshena ya yi nauyi da gaske, na tsaya na kasa farawa, kuma da maganar ta fito sai ta fito a hankali, da muryar da ban shirya ba. Darakta bai ce in sake ba. Babu ɗan kallo ko ɗaya a ɗakin, babu wanda ya tafa, amma na koma gida a ranar ina jin cewa na taɓa wani abu na gaskiya game da yadda ɗan Adam yake karɓar mugun labari.

Ban zama ɗan wasa ba, rayuwa ta bi da ni wata hanyar, amma tun daga ranar na fahimci abin da ke riƙe mutane a wannan aiki shekara da shekaru ba tare da sun tara abin a zo a gani ba. Konstantin Stanislavski, wanda ya kafa gidan wasan kwaikwayo na fasaha na birnin Mosko tare da Vladimir Nemirovich-Danchenko a 1898, kuma har gobe ake koyar da 'yan wasa bisa hanyarsa, ya riƙa gargaɗin ɗalibansa cewa su so fasahar da ke cikinsu, kada su so kansu a cikin fasahar. Mai son kansa a cikin fasaha yana buƙatar idon jama'a kafin ya ji daɗi, shi kuwa ɗayan ko a ɗakin bita da babu kowa yana samun abin da ya zo nema.

"Gamsuwa ba ta biyan kuɗin haya"

Wannan ita ce sukar da kowa zai fara kawowa, kuma gaskiya ce tsagwaronta. Mai gidan haya ba ya karɓar labarin daɗin bita, asibiti ma haka. Wanda yake da iyali, ko iyayen da suka dogara da shi, ba shi da hurumin ya bar su cikin ƙunci yana cewa shi zuciyarsa a cike take. Wanda ya yi haka son kai ya yi, ko da ya sa masa suna kishin fasaha.

Sai dai amsar da 'yan wasa suka daɗe da samo wa wannan matsala ita ce riƙe wata sana'ar a gefe. Jarumin finafinan Amurka Harrison Ford, kafin duniya ta san shi a ƙarshen shekarun 1970, ya koya wa kansa aikin kafinta ya riƙa ciyar da iyalinsa da shi, domin irin rawar da ake ba shi a lokacin ba ta gamsar da shi ba. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin labarin wuya kafin daɗi, amma abin da ni nake gani a cikinsa shi ne cewa guduma da zarto ne suka saya masa 'yancin cewa a'a. Wanda cikinsa ya dogara kacokan da kiran furodusa ba ya iya ƙin komai, ko da rawar ta wulaƙanta shi.

Don haka ɗan wasan da ke koyarwa da safe, ko tuƙi, ko ɗinki, sannan ya zo bita da yamma a gajiye, bai gaza ba, kuma ba daidai ba ne a riƙa yi masa kallon wanda har yanzu bai samu shiga ba. Ya raba wa kowace buƙata wurinta ne, ya hana yunwa ta zama ita ce mai zaɓar masa aiki.

"Magana ce ta 'ya'yan masu hali"

Suka ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin tarihi yana goyon bayanta zuwa wani mataki. Stanislavski ɗin da na ambata ɗan gidan attajirai ne masu masana'antar zaren zinariya, sunansa na asali Alekseyev, kuma ya ari sunan dandamali ne a zamanin da ake ganin wasa bai dace da ɗan babban gida ba. Molière, ɗan wasa kuma marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, shi ma mahaifinsa yana riƙe da muƙamin mai kula da shimfiɗu da kayan ɗakin sarki, muƙamin da shi ne zai gada. Molière ya bar muƙamin a 1643 ya kafa ƙungiyar wasa, ƙungiyar ta karye, aka tsare shi saboda bashi a 1645, sannan ya shafe kimanin shekara 13 yana yawon wasa a larduna kafin ya dawo birnin Faris a 1658. Jarumta ce, amma jarumtar wanda ya san akwai gidan da zai iya komawa.

Na yarda cewa kasadar ɗan talaka ta ninka ta ɗan mai hali, kuma duk wanda ya musanta wannan bai taɓa rasa kuɗin motar zuwa wurin tantancewa ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta neman a tallafa wa masu baiwa da ba su da gata, kamar yadda jarumin fim Denzel Washington ya taɓa biya wa wasu ɗaliban Jami'ar Howard ta Amurka kuɗin wani horo na bazara a Oxford, cikinsu har da Chadwick Boseman tun bai zama sanannen jarumin fim ba. Amma ban yarda a yi amfani da ita a ce gamsuwa kayan marmari ne da talaka bai cancanta ba.

Sidney Poitier ya taso a tsibiran Bahamas cikin talauci, ya isa birnin New York yana matashi, ya riƙa wanke kwanuka a gidajen abinci. Da ya je gwaji na farko a wani gidan wasa na baƙaƙen fata a unguwar Harlem, an kore shi domin ba ya iya karatu sosai kuma lafazinsa ya yi nauyi. Ya samu rediyo ya yi watanni yana kwaikwayon masu karanta labarai, wani dattijo mai raba abinci a wurin aikinsa ya riƙa zama da shi bayan an tashi yana koya masa karatun jarida, sannan ya koma gidan wasan ya karɓi aikin shara domin a bar shi ya yi karatu. Shi da kansa ya ba da labarin yadda daga baya, lokacin matarsa tana da juna biyu kuma ba shi da kuɗin asibiti, aka yi masa tayin rawar wani uba da aka kashe 'yarsa amma bai ɗauki wani mataki ba, ya ƙi karɓa domin rawar ta saɓa wa tarbiyyar da ya gani a wurin mahaifinsa, ya je ya ci bashi.

A 1964 ya zama baƙar fata namiji na farko da ya karɓi kyautar Oscar ta gwarzon jarumi. Ban kawo wannan ƙarshe domin in ce duk wanda ya ƙi kuɗi zai samu kyauta ba, domin dubbai sun yi irin abin da ya yi kuma babu wanda ya ji labarinsu. Na kawo shi ne domin a ranar da ya ce a'a bai san akwai wata kyauta a gaba ba, kuma ba shi da gidan attajirai a bayansa. Abin da ya kare a ranar shi ne damar ya kalli aikinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma talaka yana da haƙƙin wannan kamar kowa.

Lokacin da maganar ta fito daga bakin mai biya

Suka ta uku ita ce wadda na fi jin tsoro, domin tana nuna yadda za a iya ɗaukar ra'ayin nan nawa a mayar da shi makami a kan mutanen da nake karewa. Duk wanda ya taɓa kusantar wurin ɗaukar fim ya san irin kalaman: "Ka yi haƙuri, ai fitowar ma talla ce gare ka," ko "In dai kana son harkar da gaske, ba za ka tsaya maganar kuɗi ba." Da irin waɗannan kalamai ake sa yarinya ta kwana a tsaye tana maimaita fitowa guda, a sallame ta da godiya, alhali an biya mai kyamara, an biya mai ba da hayar fitilu, an biya mai mota, kuma za a sayar da fim ɗin a ci riba.

A nan dole a lura da wanda ke magana. Idan ɗan wasa ya ce wa kansa "ba don kuɗi nake yi ba," yana bayyana dalilin da ya sa ya zaɓi rayuwarsa ne. Idan mai shirya fim ya ce masa "ai ba don kuɗi kake yi ba," yana cin haƙƙinsa ne da kalmomin da ya ara daga bakinsa. Likita ma yana iya son aikinsa har cikin ransa, amma babu wanda ya taɓa ganin wannan dalili ne na hana shi albashi.

'Yan wasan da suka yi kwana 118 suna yajin aiki a Amurka, daga 14 ga Yuli zuwa 9 ga Nuwamban 2023, ba su daina son wasa ba. Sun fito ne domin manhajojin kallon fim ta intanet sun rage kason da a da ake ba su idan an sake haska aikinsu, da kuma fargabar a ɗauki surar fuskar mutum da muryarsa sau ɗaya, a riƙa sarrafa su da ƙirƙirarriyar basira ba da izininsa ba. Mutumin da yake son aikinsa shi ne ya fi kowa dalilin kare shi, domin sana'ar da ba ta ciyar da masu yinta, a ƙarshe 'ya'yan masu hali kaɗai za su rage a cikinta.

Ma'aunin da nake ganin ya dace mai sauƙi ne, a tambaya ko akwai wanda ke cin riba. Matasan da na kalla sun haɗa kuɗin zaure da kansu, babu wanda ya fita da ko sisi, saboda haka babu wanda aka zalunta. Amma duk inda wani zai sayar da aikin, ɗan wasa yana da kaso, kuma ya kamata a yi maganarsa tun kafin a kunna kyamara, a rubuce. Wanda ya yi wa mai riba aiki kyauta yana cewa shi gamsuwa yake nema, ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya karya wa na bayansa farashi.

Hubert Ogunde, fitaccen ɗan wasan dandamali na Najeriya, ya nuna cewa abubuwan biyu suna iya tafiya tare. A tsakiyar shekarun 1940 ya ajiye aikin ɗan sanda mai tabbataccen albashi, ya kafa ƙungiyar wasa da ke rayuwa da abin da 'yan kallo suka biya, ya yi ta yawo da ita gari-gari, kuma bai bar aikin ba har rasuwarsa a 1990. Son wasa ne ya fitar da shi daga aikin gwamnati, amma bai hana shi sayar da tikiti ba.

Abin da kuɗi ke yi wa aikin idan ya hau gaba

Akwai masu cewa ai kasuwa ita ce alƙali, wanda aka fi biya shi ne ya fi iyawa. Wannan ba ya buƙatar doguwar amsa. Abin da ake biyan babban jarumi farashin sunansa ne, wato yawan mutanen da za su zo domin sun ga hotonsa a fosta, kuma kowa ya sha kallon fim ɗin da wata tsohuwa mai fitowa biyu ta shafe jarumin gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuɗi ke sauya mutum daga ciki. A 1971 masanin halayyar ɗan Adam Edward Deci ya ba ɗalibai wani wasan haɗa gutsattsari mai jan hankali, ya biya wasu a kan kowane wanda suka warware, wasu bai biya su ba. Da aka janye biyan, sai waɗanda aka saba biya suka rage taɓa wasan a lokacin hutunsu. Darasin ba wai biya yana kashe so ba ne a kowane hali. Abin da ke faruwa shi ne, idan lada ya zama shi ne dalili, mutum yakan manta da dalilinsa na asali.

A harkar wasa ana ganin wannan ƙarara. Ɗan wasa ya yi wata rawa ta karɓu, sai kowane furodusa ya zo da irinta, domin abin da ya sayu jiya shi ake son sake sayarwa. Mai barkwancin da ya taɓa yamutsa fuska jama'a suka yi dariya, za a biya shi ya yamutsa ta sau ɗari, kuma idan kuɗi ne jagoransa zai yi, har ranar da jama'a za su gaji su koma ga wata sabuwar fuskar, su bar shi bai koyi komai ba tun rawar farko. Wanda gamsuwa ke ja shi ne yake jin ƙaiƙayin maimaici tun kafin 'yan kallo su ji, ya nemi abin da zai ba shi wahala, ko da kuɗinsa bai kai ba. Boseman ya shaida wa ɗaliban Howard a jawabin yaye su na 2018 cewa a farkon aikinsa an sallame shi daga wani wasan talabijin bayan ya yi tambayoyi a kan rawar da ya ga tana maimaita mummunan zaton da ake yi wa matasa baƙaƙen fata. Kuɗin yana da kyau, amma bai iya yin shiru ba.

Wannan mizani yana da wani amfani da ba a cika ambata ba, shi ne yana gaya wa mutum lokacin da ya kamata ya tsaya. Daniel Day-Lewis, wanda ya karɓi kyautar Oscar ta gwarzon jarumi har sau uku, ya janye daga fim na wasu shekaru a ƙarshen shekarun 1990, ya tafi birnin Florence na Italiya yana koyon ɗinkin takalma, a daidai lokacin da kowa ke nemansa. Haka nan wanda ya yi shekara goma yana fafutuka, ya wayi gari ya ga bita ta zame masa azaba kuma ba ya jin komai idan labule ya buɗe, yana da ikon ya tafi ba tare da jin kunya ba. Wanda ke jiran babban kuɗi shi ne ba ya iya tafiya, domin kullum yana ganin kamar gobe ne rabonsa zai faɗo.

A daren da na kalli wasan matasan nan, bayan kawun ya tafi, na ƙarasa wurin saurayin na tambaye shi yadda aka yi ya samu wannan karkarwar hannu. Ya dube ni kamar bai yi tsammanin tambayar ba, sannan ya ce ya yi makonni yana lura da kakansa, kuma da farko ya riƙa girgiza hannun ne da gangan, abin ya fito kamar zolaya. Sai daga baya ya gane cewa tsohon ba girgiza hannu yake yi ba, ƙoƙarin tsayar da shi yake yi domin kada jikokinsa su gani, kuma wannan ƙoƙarin ɓoyewar shi ne abin da ya kamata a kwaikwaya. Ya ɗaga hannunsa a ƙarƙashin fitilar waje ya nuna mini bambancin biyun, ya sake nunawa, yana ta bayani da sauri har ya manta da hodar da ke kansa, sai da abokansa suka leƙo suka kira shi ya zo su kwance labule, domin da safe za su mayar da makullin zauren.